Hancin Giwa a Rumfar Tongsuk

"In za ka kai masa mota, tafi da tabarmarka."

"Gas fa kawai zai ƙara min."

"Shi? Sai ya wanke mata hanji da sabulu tukuna. Ni ranar tawa a wurin matarsa na ci na rana, na ci na yamma."

"To me yake mai da kai?"

"Shekara huɗu ke nan, har yau da rigar sanyi nake tuƙi."

Wanda ake yi da shi ɗin Tongsuk ne, mai rumfar gyaran esi, na'urar sanyaya mota, a bakin titin da ya tashi daga Det Udom ya nufi Ubon. Da dakon ƙanƙara ya fara a kasuwar kifi, ya yi shekara tara a Bankok yana gyaran firji, ya dawo gida da sanƙo da tukunyar gas biyu da doka guda: ba ya ɗura gas a motar da ke yoyo. Sai ya kaɗa ruwan sabulu a kwano, ya bi bututu ɗaya bayan ɗaya da tsohon buroshin aski, har ya ga inda kumfa ke hurowa. In ya gama aiki kuwa, sanƙon nan yake kangawa a bakin iska. Ya ƙirga biyar kansa bai sara ba, to aiki bai yi ba. Shi kansa kuma ba abin da ya tsana a duniya kamar sanyi, ko ruwan firji ba ya sha.

Masu a-kori-kura suna zaginsa, suna dawowa. Matarsa Buwapan tana gefen rumfar da turminta, tana sayar musu da kwaɗon ɗanyar gwanda da shinkafa mai danƙo su rage zafin jira.

Ana jajiberin bikin kyandir, rana tsaka, sai ga yayanta Sawai ya taka birki a bakin rumfar, rigarsa sharkaf. A kujerar gaba, ɗaure da bel kamar fasinja, kan giwa ne na kakin zuma. Wata biyu Buwapan da matan ƙauye suna sassaƙa shi don keken ado da haikalinsu zai fitar a jerin gwanon bikin. Gangar jikin ta tafi Ubon da asuba a babbar mota. Kan ne aka ce sai cikin sanyi, saboda hancin da aka ɗaga sama, siriri, mai zanen furanni.

"Mai sanƙo, esi ya mutu! Ɗura min gas yanzu, ban da sabulun nan naka."

"Sannu da zuwa, Yaya. Buɗe bonet."

"Na ce ban da sabulu!"

"Na ji. Buɗe."

Buwapan ta leƙa ta taga, ta ja numfashi. Zafi ya fara tausasa kakin: hancin da ta bari yana kallon sama yanzu gilashin gaba yake kallo. Ta dubi mijinta, ta ɗauki faranti ta shiga yi wa giwa fifita. Tongsuk ya san wannan kallon. In hancin nan ya faɗi, garin ba zai zaunu ba, balle gidan.

Duk da haka ya kaɗa sabulunsa. Bai yi nisa ba kumfa ta huro, ƙatuwa kamar ƙwan agwagwa, daidai inda aka ɗaure wata layar tagulla da waya a jikin bututun. Girgizar inji ta sa layar ta yi ta gugar bututun har ta huda shi.

Ya miƙa hannu, Sawai ya cafke shi.

"Kul! Babban malamin haikali ne ya ba ni da hannunsa. Tunda na ɗaura ta ko kaza ban taka ba."

"Yaya, ita ce ta huda maka bututu."

"Ta san abin da take yi."

"Hancin ya iso dashbod," in ji Buwapan, ba ta ko juyo ba.

Tongsuk ya dubi layar. Shi ma yana da uku a wuya, kuma ba shi ne zai kwance abin da babban malami ya bayar ba. Ya dubi tukunyar gas, wadda shekara talatin da ɗaya bai taɓa buɗe ta a kan rami ba. Sai ya ce a kira malamin.

Aka same shi a waya, aka buɗe murya. Ba a barin muryar malami ƙasa da kawunan mutane, don haka aka ɗora wayar a saman kanta, mazan biyu suka tuɓe takalma suka durƙusa cikin baƙin mai, hannuwa haɗe a goshi. Sawai ya fara daga lafiyar Baba, ya gangara lafiyar ƙafar Baba.

"Yaya, giwa!" in ji Buwapan daga bakin mota.

Da ƙyar ya kai ga batun. Tsohon ya tambaya:

"Wane Sawai? Mai kunnuwan nan?"

"Shi ne, ranka ya daɗe."

"Ba a wuya na ce ka rataya ba? Me ya kai ta cikin inji?"

"Na ga motar ta fi ni shiga haɗari, Baba."

"To cire, kafin ta dahu."

Tongsuk bai taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Ya kwance layar, ya naɗe ramin da roba, ya matse da ƙarfe, yana mitar ran Litinin sai an sa sabon bututu. Ya zuƙe iskar ciki da famfo, ya jona tiyo, ya buɗe tukunya a hankali, idonsa a kan allurar agogo. Ya sake shafa sabulu, Sawai na cizon hularsa. Ba kumfa. Ya kanga sanƙo: ɗaya, biyu, uku, kansa ya sara.

Aka rufe ƙofofi, aka ƙure sanyi, aka tsaya a waje ana kallo ta gilashi. Hancin ya daina sauka. Sawai har da rawa.

Bayan minti goma Buwapan ta buɗe ƙofa ta taɓa hancin. Ya sandare kamar ƙashi, a yadda zafi ya bar shi: ya sauko, ya karkace dama, bakinsa daidai kunnen direba, kamar giwar na da gulmar da za ta faɗa. Ta gwada ɗaga shi, ya ce ƙas, ta saki da sauri. Ta juyo ta sake yi wa mijinta kallon nan.

Tongsuk ya goge hannu a wando, ya dubi rana, ya matsa kusa da surukinsa.

"Yaya, don girmanka kashe esin nan, ka mai da motar cikin rana na minti biyar."