Idon da Maigida Ya Rufe

Mijina mutum ne mai kanne ido ɗaya. Tun ranar da ya fara zuwa zance gidanmu a nan Agadas na lura da haka: in zai dubi abu da gaske, sai ya rufe idon hagu ya bar na dama. Ni ma haka ya dube ni a zauren babanmu, har wata ƙawata ta ja ni gefe ta ce, "Wannan aurenki zai yi ko harbinki?"

Aikinsa ne ya koya masa. Yana cikin masu kayan sarki da ke raka ayarin motoci zuwa arewa, ta Segedin har bakin iyaka. An koya masa auna bindiga da ido guda tun yana saurayi, abin ya bi jikinsa. Da ido guda yake duban rago kafin ya saya, da ido guda yake yanke farce, da shi kuma yake zuba shayi. Shayin nan shi ne abin alfaharinsa. Yakan ɗaga buta sama da kansa, ruwan ya sauko siriri ya faɗa cikin ɗan kofi, ko ɗigo ba ya taɓa tabarma.

Shekarun baya kaɗan tabarmata ta fara shan shayi. Da na yi magana ya ce iska ce. Washegari babu iska, ya ce bakin butar ne ya karkace. Na sayo sabuwar buta, ya ce kofunan yanzu ba su da faɗin baki. Ni ban cika haƙuri ba, kowa a unguwarmu ya sani, amma na haɗiye, domin akwai abin da ya fi shayi ci mini rai.

Duk ranar da ayari zai tashi, mu matan masu rakiya mukan tsaya a bakin hanya wajen fita gari. Tun ina amarya, in motarsu ta zo wucewa yakan nemo ni cikin mata ya ɗaga mini hannu. Ba wani babban abu ba ne, amma da shi nake komawa gida in yi kwanakin jira. Sai ya daina. Yakan ɗaga hannun dai, amma ga jama'a gaba ɗaya, kamar ɗan siyasa. Na ji zafin abin ƙwarai. Na ɗauka zama ne ya yi tsawo, na zama tsohuwar tukunya da ba a kallo. Har na daina sa jan mayafina da yake so, don ban ga amfaninsa ba.

Ranar da ya wuce 'yarmu ta fari a ƙofar kasuwa, tana yi masa sallama yana amsawa kamar baƙuwa, na gane ba zuciyarsa ce ta canza ba. Na same shi a tsakar gida na ce, "Maigida, mu je gidan likita a duba idonka."

"Idona lafiya lau," ya ce. "Hasken rana ne."

"Hasken rana ne ya hana ka gane ɗiyar cikinka?"

Sai ya ce, "Ke ba ki san aikin nan ba. Ranar da lokotoro ya ce ido ya raunana, ranar za a sauke ni daga mato a ba ni kujera a biro, aikin ofis. Ni ban iya zaman kujera ba."

Wato tsoro ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa a hanyar da 'yan fashi ke tarewa, kujera ce ke ba shi tsoro. Ni kuwa tsorona daban: kada ya zauna yana musu har idon ya tafi gaba ɗaya, ko wata rana a hanya ya kasa ganin abin da ya kamata ya gani. Muka yi ta ja, shi bai sassauta ba, ni ban yi shiru ba.

Ana cikin haka aka kawo musu sabon abu a wurin aiki. Ƙanena, wanda ke bi mini, shi ne ke kula da ɗakin makamansu, shi ke gyara da ɗaura duk abin da za a ɗaura. Shi ya kwatanta mini. Wai ɗan gilashi ne kamar tagar ƙaramin gida, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba, ana ɗaura shi a bayan ƙaramar bindigar da suke ratayawa a ƙugu. In ka leƙa sai ka ga jan ɗigo, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Da can da 'yan ƙarafa biyu ake aunawa, ɗaya a gaba a tsaye, ɗaya a baya mai tsaga, sai ka daidaita su. Na ce to yanzu an zubar da ƙarafan ke nan? Ya ce a'a, ana ma sa waɗanda suka fi tsawo don a hango su ta cikin gilashin, saboda ɗigon da pil, wato batir, yake aiki, ga zafi ga rairayi, ranar da ya mutu a tsakiyar daji da ƙarafan za ka koma.

Maigida ya yi murna da zuwan abin nan fiye da kowa, kuma na san dalili. Ya ɗauka gilashin zai rufa masa asiri a gwajin harbin da ake yi musu kowace shekara, wanda ke ƙara matsowa.

Murnar ba ta daɗe ba. Ya dawo gida yana huci, wai ƙanena ya ɗaura masa lalatacce. Na kowa ɗigo ne, nasa kuwa ya fashe ya yi wutsiya kamar an murƙushe tumatir a bango. Ƙanena ya canza masa wani. Shi ma wai haka. Aka sake canzawa. Daga nan rigimar ta baro wurin aiki ta shigo mini ɗaki.

"Ɗan'uwanki ya raina ni," in ji shi. "Yana zaɓar masu kyau yana ba abokansa. Dama ku gidanku ba a ɗaura abu daidai."

Na ce, "Aurenka ma a gidanmu aka ɗaura shi, ka ga ya kwance?"

Bai ci tuwona ba ranar. Ni ma ban roƙe shi ba. Laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na ƙanena.

Bayan kwana biyu ƙanena ya zo da hantsi, lokacin da ya san maigida ya fita. Ya zauna bai ko sha ruwa ba, ya fito da salula ya nuna mini hoto. Ya ɗauki ɗigon ne ta cikin gilashin da maigida ya mayar. Ga shi nan ja, kewayayye, tsaf kamar ƙwayar dawa.

"Yaya," ya ce, "gilashin ba shi da komai. Duka waɗanda ya mayar na ba wasu, suna aiki da su. Idonsa ne ke fasa hasken. Amma shi shef ɗina ne, shugabana a wurin aiki, kuma mijin yayata. Ba zan faɗa masa wannan a gaban mutane ba, kuma ba zan kai maganar sama ba tare da ya sani ba. In kuma na yi shiru aka fita da shi hanya a haka, Allah zai tambaye ni."

Na ji tausayinsa. Na ce ya kawo mini gilashin gida. Ya ce bindiga ba ta fita. Na ce wa ya ce maka bindiga nake so, ni da ko wuƙar yanka ba na son gani? Gilashin kaɗai. Ya nemi izini, ya zo da shi bayan la'asar a naɗe cikin ƙyalle.

Maigida na kan tabarma yana hura gawayi. Da ya ga ƙanena ya ɗaure fuska, amma ya amsa gaisuwa. Na karɓi gilashin na miƙa masa na ce ya nuna mini wutsiyar nan da ta hana mu zaman lafiya. Ya karɓa da ƙarfin gwiwar mai gaskiya, ya ɗaga shi wajen bangon ɗakin girki, ya kanne idon hagu.

"Ga ta nan. Makaho ma ya gani."

Na leƙa, na ga ɗigo lafiyayye. Ban ce masa komai a kai ba, don na san zai ce jini ne ya fi ruwa kauri a wurina, ina kare ɗan'uwana. Sai na zagaya bayansa, na sa tafin hannuna na rufe masa idon dama.

"Buɗe ɗayan," na ce.

"Ba a aunawa da shi."

"Ba harbi za ka yi ba, Maigida. Buɗe."

Na ji fatar idonsa tana motsi a cikin tafina. Ya daɗe yana kallo. Ya sauke gilashin, ya sake ɗagawa. Ya cire hannuna ya duba da na dama, ya mayar da hannun nawa da kansa ya duba da na hagu. Butar shayi ta tafasa ta zube a kan gawayi, babu wanda ya kula. Gani ya kori ji.

Can ya ce da ƙanena, murya ƙasa ƙasa, "Ka yafe mini." Ƙanena ya sunkuyar da kai ya ce babu komai, shef. Sai maigida ya juya gilashin a hannunsa, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Kullum kana ce mana kada mu raina ƙarafan baya, ranar da ɗigo ya mutu su ne za su fisshe mu. Ashe ni nawa yana nan, na rufe shi tun ina saurayi." Na shiga ɗakin girki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Shi da kansa ya je ya faɗa wa manyansa. Abin da yake tsoro ya faru, aka sauke shi daga mota aka ba shi kujera, bai yi gwajin shekarar ba. Watannin nan na sha fama, don mutumin da ya saba da faɗin hamada in ka tsare shi a gari, har yadda nake jera kwanuka sai ya sa baki. Lokotoro ya ce yanar ido ce ta rufe na dama, kuma an zo a kan lokaci. Aka yi aikin da safe, washegari aka cire auduga. Ya dube ni ya dube ni, ya ce, "Yaushe kika yi furfura haka?" Na ce, "Tun lokacin da kake zuba wa tabarma shayi."

Sai da ya koma ɗalibi a hannun ƙanena, domin shi jan ɗigon nan da ido biyu a buɗe ake aiki da shi, abin da ake aunawa ake kallo. Tsohon hali ba ya fita da sauƙi. A gida ni ce mai tsaro: da na ga idon hagu ya fara sauka wajen zuba shayi sai in buga cokali a kwano. Ya yi fushi, ya yi dariya, a hankali ya saba. Da gwaji ya zagayo ya ci, aka mayar da shi hanya.

Ranar da ayarinsu zai tashi na je bakin hanya. Ban sa jan mayafin ba, da gangan. Na sa baƙi irin na kowa, na tsaya can baya cikin mata, har na ɗan raɓe bayan wata doguwa. Motoci suka yi ta wucewa da jarkoki rataye a gefe. Da tasu ta zo na gan shi a tsaye a baya, idanunsa biyu a buɗe, yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Ya wuce sahun gaba, ya wuce doguwar, ya tsaya a kaina. Ya nuna ni da yatsa, ya taɓa kansa yana tambayar ina jan mayafin, sannan ya ɗaga mini hannu, ni kaɗai.