Mai Rigar Sanyi a Layin Likita

A ɗakin jiran masu ciwon daji kowa yana fifita, shi kuwa dattijon nan ya ƙudundune cikin rigar sanyi har wuya. Bayan hannuwansa duk tabon tartsatsi ne, shi ya sa nake zaton mai walda ne. Matarsa tana share gumi, tana hararar rigar.

"Baba, ba ka jin zafi?" na tambaye shi.

Ya yi dariya, ya shafa maƙogwaronsa. "Kansar ƙoda gare ni, 'yata. Aka ba ni maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, sai garkuwar ta yi zaƙewa, ta haɗa da tayirod ta lalata, 'yar abar nan ta wuya mai ɗumama mutum. Likita ta ce sau da yawa waɗanda hakan ta sama sun fi daɗewa a raye, amma ba ta yi alkawari ba."

"Kullum sai ya ba da labarin nan," in ji matar, tana ɓoye murmushi.

Nas ta kira shi. Yana miƙewa bencin ƙarfen ya girgiza. Ya sunkuya, ya duba ƙafar bencin.

"Kada ku ba kowa gyaran nan," ya ce wa nas. "Ni zan yi, in na warware."