Tukunyar Saratu: Tafiyata Madarumfa

Ƙarar cokali ce ta jawo tafiyar nan. Ƙwal! Rahila ta ajiye shi a gefen faranti, ta turo mini farantin da ɗan yatsa.

Rahila ɗiyar ƙanwata Saratu ce, shekararta biyar. An yi wa uwar aiki a Yamai, mijinta yana can yana jinya, likita ya ce kar a kai mata labarin da zai tayar mata da hankali. Yarinyar kuwa tun da aka kawo ta gidana a Maraɗi ta ɗaure baki. Kurɓin shayi, ɓallin burodi, shi ke nan. Abu guda take nema, wai "masarar Mama". Ɗanyar masara ce ake gogewa, a haɗa da madara da ƙwai da man shanu a gasa, a ci da kifi ko miyar kaza. Mahaifiyarmu ce ta koyo ta a gidan mishan tun tana budurwa. Sau biyu ina yi a fur ɗina, wato tanderun gas, ta tashi kamar gato, kek ɗin nan mai laushi, in yanko mata tsakiya mai laushi, ta turo mini abina. Ga shi ranar Lahadi Saratu za ta kira ta bidiyo. Na san halinta: in ta ga kumatun nan sun faɗa, sai ta tsige ƙarin ruwa ta hau mota.

Maigida ya ce, "Tafi Madarumfa ki tambayi maƙwabciyarta. Tare suke girki."

Maraɗi

Ladanin unguwa na kiran asuba na tashi, na karanta Zabura, na yi addu'a, na bar Rahila tana barci. Kabu-kabu ya kai ni tasha. Motar tsohuwa ce, da igiya ake riƙe ƙofarta. Kusa da ni wata tsohuwa ƴar garin Safo ta rungume zakara, shi kuma bai ɗauke ido daga ɗan kunnena ba.

Direba ya leƙo. "Madam, a matsa, saura mutum guda."

Na ce, "Ina za ka sa shi?"

"Ki sauke numfashi, wuri zai samu."

Wuri kuwa ya samu.

Shingen jandarma

Mun ɗan fita gari aka tsayar da mu. Wani jandarma matashi ya karɓi katina, ya juya shi.

"Hajiya, mi za a yi Madarumfa?"

Ni Kirista ce, amma ban gyara masa Hajiyar ba. Na ce, "Koyon girki."

Ya dubi furfurar da ta leƙo ƙarƙashin ɗankwalina. "Sai yanzu? Allah shi ba maigida haƙuri."

Mota ta kwashe da dariya, har mai zakara.

Madarumfa

Da hantsi muka shiga. Inna Ramatu, maƙwabciyar Saratu, ita ke riƙe da makullin gidan. Ta tare ni da fura mai sanyi, ta tambayi jikin Saratu har sau uku, ta ce ko wace salla sai ta sa ta a addu'a. Na zayyana mata yadda nake haɗa masarar, ban rage komai ba.

Ta ce, "Ai hakanan take yi. To mi ya rage?"

"Shi ya taso ni, Inna."

"Tashi mu yi, mu gani da ido."

Amalanken jaki muka hau zuwa garkar mijinta, Malam Idi, a bakin tabki. Ruwa shimfiɗe har iyakar gani, masunta na janyo koma, ga albasa da salati kore shar. Malam Idi ya shiga cikin masara yana ɓare kai yana soka farce. Wadda ta fitar da farin ruwa ita yake karyowa. Ya cika mini buhu, ya ƙi ko sauraren zancen biya. Wai ai Rahila kamar jikarsa take. Na sayi karfasa wurin wani masunci muka juyo.

Inna ta buɗe ɗakin girkin Saratu, ta ɗauko wata baƙar tukunyar ƙarfe mai nauyi. Ganinta sai da idona ya kawo ruwa, ta mahaifiyarmu ce. Muka goge masara, muka kankare totuwa da bayan wuƙa don ruwan ya fito, muka fasa ƙwan zabi, ga madara, ga man shanu, ga gishiri da ɗan sukari. Garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Muna cikin hira na ji ƙauri.

"Inna, tana kamawa!"

"Bar ta ta kama."

Da ta nuna, ta kwashe mai laushin a faranti ta ajiye mana. Sai ta ɗaga tukunyar, gindinta da gefenta duk ƙanzo ja wur, ta juya wajen katanga ta ƙwala kira: "Rahila! Zo ki..."

Ta tsaya da tukunya a hannu. Can ta yi ƴar dariya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Kin ga tsufa. Baki ya saba. Ita ai tukunyar ake miƙa mata, ta zauna bakin murhu ta ɓamɓare. Tsakiya wai ta marasa haƙora ce."

Na dafe kai. Ni da nake bin gefe da wuƙa ina yanke duk inda ya yi ja, in watsa wa kaji! A tarbiyyarmu wa zai ba ɗiyar amana ƙanzo, ya ci tsakiya? Ashe kajina ne suka yi ta cin rabon yarinya, har suna bin ni da gudu in na fito.

Muka ci da soyayyen kifi. Inna ta yi azahar, ni na zauna gefe ina tawa godiyar. Ta ɗaure mini tukunyar da tsumma, ta raka ni tasha.

Komowa

Ban yarda an sa tukunyar a saman mota ba, a cinya na riƙe ta, zanena ya sha baƙi. A shinge na tarar da jandarman ɗazu.

"Hajiya, an koyo?"

"An koyo."

Ya nuna ƙunshin. "Difilom ɗin ke nan?"

Na ba shi masara biyu ya gasa.

Kafin magariba ina gida. Ban ko kalli fur ba, gawayi na hura a tsakar gida. Rahila na zaune bakin ƙofa, kamar ba ta damu ba, amma na ga ta ƙura wa tukunyar ido. Da ƙauri ya tashi maigida ya fito da sauri, na ɗaga masa hannu ya koma. Na kwashe tsakiya, na jira ƙarfen ya huce, na ajiye mata tukunyar a gabanta.

Ta jawo ta tsakanin ƙafafunta. Ta ɓamɓaro, ta kai baki. Ta ƙara. Can sai ga hannu ya miƙo wajen kifin da na ajiye gefe.

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Inna Ramatu da Malam Idi, Allah ya saka muku, ya bar zumunci.

Ina tattara kwanuka ta ɗago, baki duk maiƙo, hanci da baƙin tukunya, ta ce, "Tanti, ashe ke ma kin iya ƙonawa. Gobe ma ki ƙona."