Ranar da Barira ta sauka Ramin Haliru

In ka bar Rano ka nufi Zinyau, kafin ka shiga gari akwai wata 'yar hanya da ta ratse cikin gonakin dawa. Ita ke kai mutum Ramin Haliru. Rami ne ba na wasa ba, faɗinsa ya kusa filin idi, zurfinsa kuwa giginyar da ke ciki sai dai ka leƙo kanta daga sama. Ba wanda ya haƙa shi. Tsofaffi sun ce ƙasa ce ta rufta da kanta tun zamanin kakanni, ta bar bangon farin dutse da wani ɗan idon ruwa da ba ya ƙafewa ko da bazara.

Malam Haliru manomi ne kamar kowa, sai dai gonar da ya gada ta zo daidai bakin ramin. Yana ɗan shekara talatin akuyarsa ta faɗa ciki, ya ɗaura igiya ya bi ta. Akuya dai sai yanka. Amma ya ji sanyin wurin, ya damƙi ƙasar ya ga baƙa ce wuluk, ga danshi, shi ke nan rami ya shiga ransa. Ya sassaƙa wurin taka ƙafa a jikin bango, ya dinga sauka da dashe goye a baya, yau mangwaro, gobe gwaba, jibi lemun tsami da ayaba. Mutane suka ce ya haɗa kai da aljanu. Shi ko a jikinsa, don mutum ne da in ya yi maka magana uku a yini, to ranar ya sha surutu.

Matarsa Barira ta sha mangwaron ramin nan har ta gaji, ta raba wa maƙwabta, amma ba ta taɓa ganin wurin ba. Takan ce, "Malam, ka kai ni mana, ko daga baki ne in leƙa." Shi kuma ya ce, "Wata rana." Ba ƙi yake yi ba, Allah ya sani yana so ta gani. Kunya ce kawai, wai a gan shi yana tafe da matarsa a hanyar gona. Haka aka yi shekara talatin ana wata rana.

Da aka dawo mulkin farar hula, wani ɗan takara ya zo kamfe ya leƙa ramin, ya riƙe baki. Ya kuma ci zaɓe, kuma abin mamaki bai manta ba. Aka zuba matakalar siminti, aka jera bencina, aka sa ƙofar ƙarfe, aka ce ya zama lambun jama'a, Haliru ne mai kula da shi. Da Shari'a ta zo, kwamitin lambu suka raba ranaku, Asabar ta mata ce zalla. Ranar sai ya buɗe ƙofa ya koma gefe ya zauna.

A cikin shekarun nan ne yanar ido ta fara rufe wa Barira gani. Ba ta faɗa wa kowa ba, sai ranar da Haliru ya ji ta tana yi wa turmi faɗa, ta zaci jikarta ce ta zauna a rana. Gida ya ɗauki dariya, ban da shi. Ya kira autarsu Humaira ya ce Asabar mai zuwa lalle ta kai uwarta rami.

Shugaban kwamiti, Malam Maharazu, da ya ji labari ya ce, "Haba Malam Haliru, kai da iyalinka? Shiga ka nuna mata da kanka, ba wanda zai ce uffan."

"A'a," in ji Haliru. "Matan 'ya'yana biyu suna cikin ayarin. Da furfurata a gan ni ina jan mace a gaban surukai?"

Asabar ta zo, ya tsaya a bakin rami yana kallo daga sama. Humaira ta sauka da ita taki ɗaya ɗaya har ƙasa. To yarinyar zamani, me ta sani? Sai ta shiga nuna mata bencina. "Inna, kin ga fentin? Kore da fari!" Barira na ta gyaɗa kai, alhali bangon dutse ta fuskanta, itatuwan duk suna bayanta.

Abin ya soki Haliru a zuci. Bai san lokacin da ya kama matakala ba. Mata suka dare suna jan mayafi, surukan suka sunkuyar da kai, wata tsohuwa kuwa ta rangaɗa guɗa don tsokana. Bai kalli kowa ba. Ya kama hannun Barira ya ɗora a jikin wani ƙaton mangwaro.

"Wannan shi na fara dasawa. Wancan lemon kuma, zo ki taɓa, shekarar da aka yi fari ne, da tulu na raine shi."

Ta shafa, ta murza ganyen ta kai hanci. Ya bi da ita itace bayan itace har bakin idon ruwa, ta tsoma hannu, sannan ta nemi wuri ta zauna.

"Malam, akwai sanyi, akwai ƙamshi," ta ce. "Kyau kuma na yarda, tunda kowa ya faɗa. Amma wallahi da ka kawo ni tun ina gani."

Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ta fi yi masa ciwo. Sai ya zauna kusa da ita a gaban surukan da kowa, ya shiga gaya mata abin da ke gabanta ɗaya bayan ɗaya, har aka kira la'asar.