Ruwan da na kai zaure

Da can a ƙetaren kogi muke zaune. Shekarar da gari ya rikice muka tsallako da zanen jikinmu, muka sauka Unguwar Kanawa. Ƙanena bai tsallako ba. Maƙwabcinmu mai walda, wanda nake aika wa tuwon salla, shi ya nuna wa masu kisa ɗakin da ƙanena ya ɓuya. Ba labari aka ba ni ba, ta kafar katanga na gani.

Ɗana na fari yana noma a bayan Rigachikun. Gonarsa da ta mutanen ƙetare duk daji ɗaya ne, kuma da 'yan bindiga suka fara ɗaukar manoma, ba sa tambayar kowa inda yake ibada. Sai maza suka ce a haɗa 'yan sintiri, namu da nasu. Aka sa taro a zaurenmu bayan la'asar.

Na leƙa. Ga mai walda a kan tabarmata, ya yi furfura. Wai shi ke gyara musu bindigogi.

Ɗana ya shigo ciki. "Inna, a ba baƙi ruwa."

"Ka san wanda ke zaune?"

"Na sani."

"Kawunka fa?"

"Inna, kawu yana kabari. Ni gobe zan shiga daji. In ba su tsare mana yamma ba, wa zai tsare? Ke?"

A gidanmu, wanda ka miƙa wa ruwa da hannunka ya sha, ba ka ƙara kiransa maƙiyi a gaban jama'a. Ɗana ya san haka sarai, shi ya sa bai aiki matarsa ba.

Na ɗebo a randa na kai. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, har da russunawa. "Sannu Mama, Allah ya bar zumunci." Ya shanye tas. Ya miƙo mini kwano, ya koma kan zancen sintiri.

Damina ta wuce, ba a ɗauki ɗana ba, alhamdulillahi. Jikokina yanzu Baba suke ce wa mai walda. Bai roƙi gafarata ba, ba kuma wanda ya ce masa ya roƙa. An dai daina zancen.

Bara na ce a tara malamai a yi wa ƙanena addu'a. Ɗana ya ce in bari sai daji ya lafa, kada abokan sintiri su ji wani iri.

Har yau dajin bai lafa ba.