Ragon Layya da Ramuwar Alhaji Sanusi

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Bashir makwancinsa, amma har yau in na ga mujallar adabi a hannun wani, zauren gidanmu na Mandawari nake tunawa, da ranar da aka sa ni karatu a cikinsa.

Yaya malamin firamare ne, rubutu kuwa shi ne cutarsa. Ya daɗe yana aika wa wata mujalla waƙoƙi, suna dawo masa da su da 'yar godiya. Ba ya fushi, sai dai ya ce editan bai karya kumallo ba ne ranar da ya karanta. Da ya gaji da waƙa, sai ya rubuta barkwanci a kan taubashinmu Alhaji Sanusi, ɗan goggonmu, mai sayar da turare a kasuwar Kurmi. Ya ba da labarin yadda ragon layya ya tsinke igiya ya bi Alhaji, har ya haye katanga ya bar hula da takalmi. Abin ya faru da gaske, kuma Yaya ya sa sunansa ɓaro-ɓaro. Wannan kaɗai mujallar ta taɓa karɓa daga gare shi. Kafin a buga, ciwo ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar uku editan ya zo gaisuwa, ya ja ni gefe. "Malam Nura, shafin yana nan a shirye. Amma ba zan buga ba sai mai sunan ya yarda."

Nan hankalina ya tashi. Wasan taubashi a tsakar gida aka san shi, a ci fuskar juna a yi dariya a watse. Ba mu taɓa ganin an kai shi inda surukan mutum da abokan kasuwarsa za su karanta ba. Ga shi Alhaji mutum ne mai zafin rai. Baffanmu ya ce a janye kawai, don in ran Alhaji ya ɓaci, haƙƙi ne aka ɗora wa mamaci. Na san gaskiya ya faɗa. Amma na ga irin murnar da Yaya ya yi ranar da aka ce an karɓa, kuma ba ni da wani abin da zan ƙara yi masa a duniya.

Tun editan bai tafi ba, magana ta kai kunnen Alhaji. Ya ce a karanta masa a nan zaure, a gaban kowa.

Ni aka miƙa wa takardar. Na fara karantawa. Babu wanda ya yi ko murmushi. Alhaji ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya cak. Da na zo wajen katanga, sai na ga kafaɗunsa suna girgiza, na ce shi ke nan, yau zumunci ya tsinke a bakina. Can ya ɗago, hawaye ya jiƙa masa gemu.

"Ƙarya yake yi," in ji shi. "Hular tana hannuna." Ya juya ga editan. "Ku buga, kada a taɓa ko wasali. Amma ku ajiye min shafi, sai na rama."

Yanzu mujallar ta koma waya. Kowa ma editan kansa ne, a yi wa mutum tsirara a gaban duniya kafin a tambaye shi. Ina jin da Yaya yana nan, sauƙin zai burge shi, don babu mai dawo masa da waƙa. Amma ba na jin zai ji daɗin dariyar da ake yi ba tare da mai sunan ba.

Waƙoƙin Yaya, gaskiya, ba mai tuna su. Abin da ya rage shi ne shafi guda, da wani dattijo da har yau 'yan Kurmi suke yi wa kukan rago in ya wuce, yana ɗaga musu sanda. Editan ya sha aika wa Alhaji a kan shafin nan nasa, shiru. Watan jiya na tsaya a rumfarsa na tuna masa.

Ya daɗe yana jera kwalaben turare kafin ya amsa. "Nura, in na rubuta, wa zai zo bakin rumfar nan ya yi min tsiya? Ramuwata tana nan, ban manta ba. Baki da baki zan gaya masa."