Kawu Ya Sa Jirgina a Firi

Har gobe a unguwarmu a Kwantagora ana cewa ni na kayar da jirgin sama. Ƙarya ake yi mini. Kawu ne, kuma yau sai na wanke kaina.

Tsakiyar shekarun casa'in ne. Wani abokina likitan dabbobi aka mayar da shi Bobi inda babu wuta, ya bar mini ajiyar kwamfutarsa. A cikinta akwai wasan tuƙin jirgi, amma wasa a baki kawai. Agogunan gaban matuƙi duk suna nan, sun fi na shagon mai gyaran agogo yawa. Ka manta sauke tayoyi, ka sauka da ciki. Ka cika ɗaga hancin jirgi, ya yi maka ƙara ya rikito da kai. Mutuwar da na yi kafin in iya sauka lafiya ta fi doyar Mashegu yawa.

A shekarar Inna ta sami kujerar Makka, ta ce ba ta zuwa. Wai abin da ba ya taka ƙasa ba ta shigarsa. Malamai sun yi, ƙawayenta sun yi, ta kafe, ga lokacin tashi na matsowa. Na ce bari ta gani da idonta.

Bayan la'asar na shimfiɗa mata tabarma a bayan kujerata. Ta zauna da kofin kunu, ta yi addu'ar tafiya, muka tashi sumul.

"Kai wannan, yanzu muna sama?"

"Muna sama, Inna."

"Ikon Allah. Ko kunun bai motsa ba."

Na fara gangarowa ke nan sai ga sallamar Kawu, ƙanenta, tsohon direban babbar mota.

"Matsa, yaro. Ina kan sitiyari tun kana goye."

Ni mai 'ya'ya uku! Amma wa zai hana kawunsa kujera a gaban uwarsa? Ya zauna ya damƙe sandar tuƙi.

"Ina oda, in danna a ba ni hanya?"

"Ba shi da oda, Kawu."

"Shirme. Wannan gangare ne?"

"Sauka za mu yi."

"Kuma ka bar inji na shan mai a gangare? Ku yaran yanzu ba ku san zafin mai ba. Firi ake sawa, a kashe inji ya gangara da kansa!"

Na roƙe shi don Allah don Annabi. Ina! Ya ɗora tafinsa mai faɗin faifai a kan madannai, ya yi ta dannawa har ƙarar inji ta ɗauke. Da ya ga ƙasa na tahowa sai ya fincike sandar baya kamar birkin hannu. Jirgi ya ɗaga hanci, ya yi kuka, ya juyo da ka. Gilashin gaban jirgin ya tsattsage a fuskar kwamfuta.

Inna ta saki salati da kofi tare. Kawu kuwa ya miƙe ya kaɗe riga, ko kunya babu.

"Birkinsa ba kyau. Haka kawai ka ba mutum abu ba birki."

Na ce shi ke nan, Makka ta tafi. Ko tuwo ban iya ci ba.

Washegari da safe Inna ta kira ni.

"Mai tuƙa na Makkan, ya taɓa jan babbar mota?"

"A'a, Inna."

"Kai ko kawunka, akwai wanda za a bari ya taɓa?"

"Babu."

"To a ɗaure mini kaya."

Ta je ta dawo lafiya, alhamdulillahi. Amma ku ji abin da ta riƙa gaya wa 'yan sannu da zuwa: "Na gasken lafiya lau. Na yaron nan ne ya kashe mu a ɗaki." Kawu na gefe sanye da hular da ta yo masa tsaraba, yana gyaɗa kai yana cewa, "Yaro ne, hannunsa bai faɗa ba."